Rayuwa Bayan Yanke Ƙafa: Yadda Jinya Take a Gidajen Ikara, Maƙarfi da Kudan

A ƙaddara wani gida a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke tsakanin Maƙarfi da Hunƙuyi. Maigidan manomin rake ne, kuma makonni uku ke nan da aka sallamo shi daga asibiti bayan an yanke masa ƙafar hagu a ƙasan gwiwa. Tun kafin ladan ya yi kiran assalatu uwargida ta hura wuta, ta ɗora ruwa, ta ajiye buta da tasa a bakin gado. Takan ce, "Malam, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?" Shi kuwa sai ya amsa da cewa yatsun ƙafar nan sun hana shi barci, alhali kuwa dukansu biyu sun san an binne ƙafar tun ranar da aka yanke ta. Daga nan aikin yini ya fara ke nan: kwance bandeji, duban rauni, rakiya zuwa bayan gida, dafa abinci, karɓar 'yan dubiya, da lissafin kuɗin motar komawa Shika.

Likita kan gama nasa aikin cikin awa ɗaya ko biyu, amma jinyar da ke biyo baya ta watanni ce, kuma a ɗakin aure ake yin mafi yawanta. Wannan maƙala za ta duba abin da kimiyyar likitanci ta gano game da waɗannan watanni, da yadda za a yi amfani da shi a gidajen karkara irin na ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan.

Abin da ke kai mutum ga rasa gaɓa

A shekarar 2007 wasu likitoci biyu, Thanni da Tade, suka tattara rahotannin asibitocin Nijeriya game da yanke hannu da ƙafa. Sun tarar cewa rauni, musamman na haɗarin hanya, shi ne kan gaba da kashi 34 cikin ɗari. Ɓacin ɗorin gargajiya ne ke bi masa da kashi 23, sai ciwon daji, sannan ruɓewar ƙafa ta dalilin ciwon sukari da kimanin kashi 12. Tun kafin wannan, a shekarar 1998, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun buga bincike da ya nuna yadda ɗori ke kai mutane ga rasa gaɓa a ƙasar Zazzau.

Duk waɗannan dalilai suna da gindin zama a arewacin Jihar Kaduna. Babbar hanyar Zariya zuwa Kano ta ratsa ta Tashar Yari, babur kuma shi ne abin hawan da ke haɗa ƙauyuka da kasuwanni. Ga injunan niƙa, ga na matse rake a wuraren dafa mazarƙwaila, waɗanda kan cafke hannun wanda ya yi sakaci ko gajiya ta kama shi. Ciwon sukari ma ya daina zama cutar 'yan birni: Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manya kimanin miliyan 3.6 ne ke ɗauke da shi a Nijeriya.

Yana da kyau a fahimci yadda ɗori ke ɓaci, domin ba dukan ɗori ne ke ƙarewa da yanka ba. Gaɓar da ta karye takan kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu na farko. Idan an jera karare an ɗaure tamau, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin jini. Tsokar da jini ya daina isa gare ta takan fara mutuwa cikin awa shida ko makamancin haka. Alamun su ne ciwo mai tsanani da ke ƙaruwa, yatsu su yi sanyi, su dena jin taɓi, launinsu ya sauya, fata ta yi bororo. Wanda ya ga haka ya kwance ɗaurin nan take ya nufi asibiti. Idan aka jira har wari ya tashi, to, abin da ya rage wa likita shi ne ceton rai.

Makonnin farko: kula da dungu

Abin da ya rage na gaɓa bayan yanka shi Hausawa ke kira dungu, kuma a kansa ne za a ɗora ƙafar roba nan gaba. Saboda haka siffar da ya ɗauka a watanni biyu ko uku na farko ita ce za ta nuna ko mutum zai sake tafiya ba tare da wahala ba. Ayyuka uku ne ke kan mai jinya a wannan lokaci.

Na farko shi ne tsafta. Kafin a cire zaren ɗinki, wanda yawanci akan yi bayan mako biyu zuwa uku, ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya riƙa wanke raunin, ko a asibitocin gwamnati da ke Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi, ko a ƙaramin asibitin da ya fi kusa. Bayan rauni ya haɗe, sai a riƙa wanke dungun kullum da ruwan ɗumi da sabulu maras ƙarfi, a tsane shi sarai da tsumma mai tsafta. Ba a barbaɗa masa toka ko garin magani, ba a shafa masa man juye. Idan aka ga ja yana yaɗuwa, ko mugunya, ko wari, ko ɗinki ya buɗe, ko zazzaɓi ya taso, to, a koma asibiti a ranar.

Na biyu shi ne naɗi. Dungu yakan kumbura saboda an katse hanyoyin da ruwan jiki ke bi ya koma sama. Ana rage kumburin da bandeji mai talewa, wanda ake naɗawa a gicciye kamar siffar lamba 8, a ɗan matse a ƙarshen dungun, a riƙa sassautawa yayin da ake hawa sama. Ba a naɗa shi a zagaye kamar rawani, domin hakan zai shaƙe jini ya maimaita irin ɓarnar mugun ɗori. Akan kwance a sake naɗawa bayan kowace awa huɗu zuwa shida. Wajibi ne mai jinya ta koyi wannan naɗi da hannunta a gaban ma'aikacin gashi kafin a baro asibiti, kuma ta mallaki bandeji biyu domin a wanke ɗaya a yi amfani da ɗaya.

Na uku shi ne hana gaɓa ƙagewa, kuma a nan ne tausayi kan yi ɓarna. Matar da ta ga mijinta yana jin jiki takan cusa masa matashi a ƙarƙashin gwiwa domin ya ji daɗi. Amma tsokokin da ke lanƙwasa gwiwa da ƙugu sukan rinjayi masu miƙar da su bayan yanka, kuma gaɓar da aka bari a lanƙwashe na makonni takan sandare a haka. Gwiwar da ta ƙage ba ta karɓar ƙafar roba yadda ya kamata. Maganin abin shi ne a bar dungu a miƙe ko a kwance ko a zaune, kada a bar shi yana reto a bakin gado, sannan majiyyaci ya riƙa kwanciya rub da ciki na minti 20 zuwa 30 sau biyu ko uku a yini, muddin likita bai hana ba saboda ciwon zuciya ko na numfashi. Wanda bai iya juyawa da kansa kuwa, a riƙa juya shi bayan kowace awa biyu domin gudun gyambon kwanciya.

Ƙafar da ba ta nan amma tana ciwo

Babu abin da ke rikita iyali kamar jin majiyyaci yana kukan ƙaiƙayi ko zafi a yatsun da aka riga aka binne. Wasu kan zaci taɓin hankali ne, wasu su ce iska ce, wasu kuma su ce ba a kwantar da ƙafar daidai a rami ba. Majiyyacin kansa yakan ɓoye abin don kada a yi masa wata fassara.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan lamari. Ambroise Paré, likitan sojan Faransa, ya bayyana shi tun a ƙarni na 16. A shekarar 1871 Silas Weir Mitchell, wanda ya yi jinyar sojojin da suka rasa gaɓoɓi a yaƙin basasar Amurka, ya sa masa sunan da ke nufin fatalwar gaɓa. Bincike ya nuna cewa kusan duk wanda aka yanke wa gaɓa yakan ji kamar tana nan, kuma kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari sukan ji ciwo a cikinta.

Dalilin yana cikin ƙwaƙwalwa. Kowane sashe na jiki yana da gurbinsa a ƙwaƙwalwa, tamkar yadda kowace gona take da wurinta a taswirar gari. Wuƙar likita ta cire ƙafa, amma gurbinta yana nan. Jijiyoyin da aka datse a dungu suna ci gaba da aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma tana fassara shi kamar daga yatsu ya fito. Watau ciwon na gaskiya ne, kuma ba alamar hauka ba ce.

Akwai dabarun da ke rage shi a gida. Bayan rauni ya warke, a riƙa shafa dungun da ɗan bubbuga shi da yatsu a hankali, a goga masa tsumma mai laushi, daga baya mai ɗan kaushi, har jijiyoyin su saba da taɓi. Akwai kuma dabarar madubi, wadda V. S. Ramachandran na Jami'ar Kalifoniya ya bayyana a shekarar 1996. Majiyyaci zai zauna ya miƙe ƙafafu, a tsayar da dogon madubi a tsakaninsu yana fuskantar lafiyayyar ƙafar, dungun yana ɓoye a bayansa. Sai ya riƙa motsa ƙafar yana kallon hotonta na minti 10 zuwa 15 kullum. Ido yakan gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ƙafar da ta ɓace tana motsi lafiya, kuma mutane da dama sukan sami sauƙi ta haka, ko da yake ba kowa ba. Madubin da ke jikin bangon ɗakin uwargida ya wadatar. Idan ciwon ya ƙi lafawa, akwai magungunan ciwon jijiya da likita ke rubutawa. Abin gudu shi ne sayen ƙwayoyi irin su tiramadol a kanti ba da takardar likita ba, domin sukan kama mutum ya rasa yadda zai rabu da su.

Wannan ji yana da wani haɗarin kuma. Mutum kan farka cikin dare ya manta, ya sauko daga gado da niyyar taka ƙafar da babu, ya faɗi a kan dungu, ɗinki ya fashe. Don haka a ajiye tocila da sanduna da fo kusa da shi, a kuma jingina kujera a gefen gadon domin ta tuna masa.

Gyaran gida

Gidan Bahaushe na karkara an gina shi ne domin mai ƙafa biyu. Dokin ƙofa yana da tudu, tsakar gida takan yi santsi da damina, masai kuma na tsuguno ne. Ba a bukatar kuɗi mai yawa kafin a gyara waɗannan. Kafinta zai iya huda kujerar katako mai ƙarfi a ɗora a kan bakin masai, a kafa turke ko ƙarfe a gefe domin dafawa. A sa benci a makewayi don wanka a zaune. A cike bakin ƙofa da ƙasa a yi gangare, a kwashe tabarmi da igiyoyin dabbobi daga hanya. Sandunan dogarawa kuma a tabbata robar gindinsu ba ta cinye ba, sannan nauyin jiki ya sauka a tafin hannu, domin dogara hammata a kansu yakan danne jijiyar hannu har ya yi sanyi.

Wajen ɗaga majiyyaci, mai jinya ta lanƙwasa gwiwoyinta ta bar bayanta a miƙe, ta matso da shi jikinta, kada ta ja shi ta hannu. Mace mai ciki ko mai ciwon baya ta nemi taimakon ƙanen miji ko babban ɗa. Abu mafi amfani dai shi ne a bar majiyyaci ya yi duk abin da zai iya da kansa, ko da zai ɗauki lokaci. Tsokar da ba a mora takan zube, kuma wanda aka saba yi wa komai yakan karaya.

Abinci da ƙafar da ta rage

Rauni yana bukatar abinci mai gina jiki kafin ya haɗe. Wake, waken suya, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi da ganyaye irin su zogale da rama duk ana samunsu a yankin. Taba kuwa tana tsuke jijiyoyin jini tana jinkirta warkewa, don haka barinta wani ɓangare ne na magani.

Ga mai ciwon sukari, maganar ta fi haka nauyi. Cutar da ta ci ƙafa ɗaya tana nan a jiki, kuma ƙafar da ta rage ita ce yanzu ke ɗauke da dukan nauyi. Sukari yakan kashe jijiyoyin ji, har ƙaya ko ƙusa ta soki mutum bai sani ba. Saboda haka aikin mai jinya ne ta duba tafin ƙafar da tsakanin yatsu kowace rana da hasken rana, ta gwada zafin ruwan wanka da hannunta, ta hana shi tafiya ba takalmi ko jin ɗumi kusa da garwashi lokacin hunturu, a kuma daina ba wanzami ko mai yankan farce ƙafar ya yi mata aski da reza. A yankin da rake da mazarƙwaila suke a kowace ƙofa, kuma 'yan dubiya ke zuwa da lemon kwalba, uwargida ce mai tsaron ƙofa. Batun azumi kuwa sai an shawarci likita.

Alwala da salla

Tambayar farko da majiyyata da yawa kan yi ita ce ta ibada. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa idan wani abu ya rage daga wurin da aka wajabta wankewa, sai a wanke shi. Idan kuwa an yanke sama da idon sawu, wankin wannan ƙafar ya faɗi. Wanda bai iya tsayuwa ya yi salla a zaune. Sanin wannan yana kwantar da hankali, kuma ranar da maigida ya fara fita masallacin ƙofar gida da sandunansa, ranar ce yakan fara jin ya koma cikin mutane.

Ƙafar roba

Akan fara auna ƙafar roba ne bayan rauni ya warke kuma kumburi ya sauka, yawanci wata biyu zuwa uku bayan yanka. Mutanen wannan yanki sukan nufi Shika ko Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake da sashen ƙera gaɓoɓin roba. Dungu yakan ci gaba da motsewa har tsawon shekara, don haka kwandon da ake zura shi a ciki yakan yi yawa, sai an ƙara safa ko an sake wani. Iyali su sa wannan cikin lissafi tun farko.

Tafiya da ƙafar roba aiki ne. An auna cewa wanda aka yanke wa a ƙasan gwiwa yakan kashe ƙarfi fiye da mai ƙafa biyu da kimanin kashi 25 cikin ɗari, wanda aka yanke wa a cinya kuwa abin yakan haura kashi 60. Wannan ne ya sa likitoci ke ƙoƙarin tsirar da gwiwa, kuma shi ya sa bai kamata a ɗauki saurin gajiyar majiyyaci a matsayin ragwanci ba.

Ba kowace ƙafa ce ta dace da manomi ba. A shekarar 1968, a birnin Jaipur na Indiya, likita P. K. Sethi da wani maƙeri mai suna Ram Chandra Sharma suka ƙera wata ƙafa mai araha wadda ake iya tsugunawa da ita, a zauna a ƙasa, a shiga laka ba takalmi. Darasin shi ne majiyyaci ya faɗa wa mai ƙera ƙafa irin rayuwarsa: fadama, babur, zaman tabarma da sujada. Samun ƙafar dai har yanzu da wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa mutum ɗaya ne kawai cikin goma masu bukatar irin waɗannan kayayyaki ke samunsu.

Wa ke jinyar mai jinya?

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yan dubiya sukan cika gida a makon farko, a wata na biyu kuwa sai ƙafa ta ɗauke, a bar matar da aikin. Ita ce ba ta barci, ita ce sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko ɗinki ta tsaya, ita ce ta sayar da akuyarta ko ta kwashi adashinta aka biya kuɗin magani. A kanta kuma fushin maigida ke sauka, domin mutumin da ya saba ciyar da gida yakan ji zafin ganin ana ɗauke shi. Baƙin ciki bayan rasa gaɓa abu ne da aka saba gani, amma idan ya wuce makonni mutum ba ya ci, ba ya barci, ba ya son ganin kowa, ko yana fatan mutuwa, to, ya zama cutar damuwa, kuma tana da magani a asibiti. Wannan ya shafi majiyyaci da mai jinya baki ɗaya.

Idan matar ce aka yanke wa ƙafa, lamarin yakan ɗauki wani salo. Sau da yawa akan mayar da ita gidan iyayenta da sunan jinya, ita kuwa tana kwana da fargabar kishiya ko takardar saki. Murhu a ƙasa yake, rijiya da nisa, ga goyo. Mijin da ya koyi naɗin bandeji, ya ɗaga mata murhu a kan dakali, ya raka ta asibiti da kansa, ya yi mata abin da allura ba za ta yi ba.

Dangi da maƙwabta suna da rawar takawa. A raba kwanakin jinya tsakanin 'yan'uwa, a yi wa gonar gayya lokacin shuka da girbi, a haɗa majiyyaci da wani wanda ya riga shi rasa ƙafa kuma ya koma sana'a, domin maganarsa ta fi ta kowa shiga. Doka ma ta tanadi wani abu: a watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar tarayya da ta haramta nuna wa masu bukata ta musamman bambanci, a 2020 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu. Ɗaliban kiwon lafiya da Maƙarfi ta daɗe tana yayewa su ne suka fi dacewa su kai wannan ilmi ƙauyuka.

Kammalawa

A koma gidan da aka fara da shi, bayan wata shida. Idan uwargida ta naɗa bandeji daidai, ta hana matashi shiga ƙarƙashin gwiwa, ta gaskata mijinta lokacin da ya ce yatsunsa na ciwo, kuma dangi sun kama mata, to, mai yiwuwa ne a tarar da Malam a bakin gonar rake da ƙafarsa ta roba yana lura da 'yan ƙwadago. Idan kuwa ba wanda ya koya mata waɗannan abubuwa, ana iya tarar da shi a zaure da ƙagaggiyar gwiwa, alhali aikin da likita ya yi wa mutanen biyu iri ɗaya ne. Saboda haka ya kamata asibitoci su ɗauki matar majiyyaci ko mijin majiyyaciya a matsayin ɗalibi, a koya masa aikin a aikace kafin ranar sallama, iyali kuma kada su yarda su baro gadon asibiti sai sun yi dukan tambayoyinsu.